Daga Kabarin Tafawa Ɓalewa Zuwa Gombe: Bin Sawun Ƙorafin Talaka

Da hantsi muka taru a ƙofar kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauchi, ni da ɗalibai bakwai masu karatun dokokin haƙƙin ɗan Adam na ƙasa da ƙasa. Hunturu ne, hazo ya lulluɓe duwatsun da suka kewaye garin. Tafiyar kwana uku muka shirya, yini guda a Bauchi, sauran a Gombe. Abin da ya fito da mu shi ne mu bi sawun ƙorafi tun daga kantar caji ofis har iyakar inda zai iya kaiwa a wajen Najeriya, mu tantance ƙofar da ke buɗe ga ɗan ƙasar nan da wadda aka garƙame.

Mai shiga wurin yakan bi ta wani dogon lungu mai duhu, yana hawa sannu a hankali, kafin ya ɓullo fili inda rana take sauka a kan kabarin. A nan muka yi darasin farko, domin tarihin abin da muke karantawa ya ratsa ta rayuwar mutumin da ke kwance a wurin. Ranar 7 ga Oktoba 1960 ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, aka karɓi Najeriya a matsayin ƙasa ta 99. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya ta riga mu zuwa. An amince da ita a Paris ranar 10 ga Disamba 1948, da sassa 30, ƙasashe 48 suka yarda, 8 suka ƙi kaɗa ƙuri'a, ciki har da Saudiyya da Afirka ta Kudu. A lokacin muna hannun Ingila, ba wanda ya ji ta bakinmu.

Abin da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne yadda waɗannan haƙƙoƙi suka shigo kundin tsarin mulkinmu. Ƙananan ƙabilu ne suka nuna tsoron za a danne su bayan tafiyar Turawa, aka kafa kwamitin Willink a 1957. A rahotonsa na 1958 kwamitin bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin kowa a cikin kundi, aka kwaikwayo su daga yarjejeniyar Turai ta 1950. Haka suka shiga kundin 1960, kuma jikokinsu ne ke Babi na Huɗu na kundin 1999. A Janairun 1961 masana shari'a suka taru a Legas suka yi kira da a samar wa Afirka tata yarjejeniyar, kiran da bai cika ba sai bayan shekara 20. An kashe Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966. A Disambar shekarar aka kammala manyan yarjejeniyoyi biyu da suka mayar da sanarwar 1948 alkawari mai ɗaure ƙasa, ɗaya kan haƙƙoƙin farar hula da siyasa, ɗaya kan tattalin arziki da zamantakewa da al'adu. Najeriya ba ta shige su ba sai 1993.

Daga kabari muka wuce harabar babbar kotun jiha. Mai son ya iya aikin nan ya fara da ofishin rajistara kafin zauren alƙali, domin a nan ake karɓar takarda ko a dawo wa mutum da ita. Muka samu inuwa muka buɗe kundi. Babi na Huɗu ya tashi daga sashe na 33 zuwa na 46, amma wanda talaka ya fi buƙata kullum shi ne na 35. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Akwai togaciya ga wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma ta wannan kafa ce ake barin mutane shekaru suna jiran shari'a a gidajen gyaran hali.

Hanyar neman haƙƙin tana cikin ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu a 2009. Takardu huɗu ake haɗawa: takardar buƙata, bayanin mai ƙara da abin da yake nema da dalilansa, takardar rantsuwa, sai rubutaccen jawabin lauya. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani, kuma ƙa'ida ta ce a sa ranar saurare cikin kwana 7 da shigarwa. Ba a neman izinin kotu tukuna kamar da, tsufan magana ba ya kashe ta, kuma ɗan'uwa ko ƙungiya na iya shigarwa a madadin wanda ke tsare.

Duk da wannan sauƙi, ƙararraki da yawa a takardar rantsuwa suke mutuwa. Dokar shaida ta 2011 ta ce abin da ya faru kaɗai ake rubutawa a ciki, ban da muhawara, ban da yanke hukunci, ban da roƙo. Sabon lauya sai ya rubuta cewa "an keta haƙƙina da ke sashe na 35", alhali wannan aikin alƙali ne. Abin da ake so shi ne: an kama ni ranar kaza, da ƙarfe kaza, a wuri kaza, aka sake ni ranar kaza. In mai rantsuwa daga bakin wani ya ji labarin, sai ya faɗi sunan wanda ya gaya masa, da lokaci, da wuri. In ba ya karatun Turanci, dole a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa an fassara masa kuma ya fahimta, a sa sunan tafinta. A ƙasarmu, inda mafi yawan masu ƙara da Hausa ko Fulatanci suke magana, mantawa da wannan layi guda ya isa ya raunana shari'a mai ƙarfi.

Kuskure na biyu shi ne sa wa rigimar gona, ko ta sarauta, ko ta kora daga aiki rigar haƙƙin ɗan Adam don a samu saurin saurare. Kotun Ƙoli ta toshe wannan hanya a shari'ar tsohon Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur, da gwamnatin Taraba a 1997, inda ta ce dole tauye haƙƙi ya zama shi ne uwar ƙarar, ba reshe ba. Na uku, kai ƙarar wanda doka ba ta sani ba. Caji ofis ba mutum ba ne a idon shari'a. Ana sa sunan jami'in da ya yi aikin, da kwamishinan 'yan sanda, da sufeto janar. Bayan nasara kuma akwai jidalin karɓar kuɗin, domin sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wanda ke neman izinin antoni janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, ya daɗe yana zama tarnaƙi.

Washegari bayan sallar asuba muka ɗauki hanyar Gombe, tafiyar kilomita 150 da 'yan kai. Muka haye gadar Dindima a kan kogin Gongola, ruwa ya ja baya, masu noman rani sun cika gaɓa. A nan hanyar Yankari take ballewa ta hannun dama. A Alkaleri muka tsaya karyawa da masa da shayi. Muna komawa mota direbanmu, dattijo mai ƙarancin magana wanda tun jiya yake sauraronmu, ya rage rediyo.

"Malam, don Allah in yi tambaya. Ita wannan Majalisar Ɗinkin Duniya, talaka yana iya kai mata ƙara kuwa?"

"Alhaji, wani abu ne ya faru?"

Ɗan yayansa ne. Babban ɗan gidan ya ci bashin taki da damina, amfani bai yi kyau ba, ya gudu kudu ci-rani. Mai taki ya kai ƙara wani caji ofis, aka zo ba a same shi ba, aka tafi da ƙanensa. Kwana tara yaron ya yi a sel, aka yi masa duka a tafin ƙafa da baya, sai da uban ya sayar da tumaki biyu aka ba da belinsa. Kwana huɗu ke nan da fitowarsa.

Na bar ɗalibai su fara. Nan take suka ƙirgo laifuka huɗu. Dokar 'yan sanda ta 2020, a sashe na 36, ta haramta kama wani a madadin wani. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Kwana tara sun zarce abin da sashe na 35 ya yarda. Duka kuwa azabtarwa ce a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 25, kuma cewa "oga ne ya sa ni" ba ya wanke kowa. Duk waɗannan dokokin gida ne. Amma tambayar Alhaji tana nan, kuma ta cancanci cikakkiyar amsa, don haka muka ɗauke ta daga Alkaleri har Bara.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da manyan yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam guda 9, kuma Najeriya ta shiga dukkansu: ta wariyar launin fata, biyun nan na 1966, ta mata a 1985, ta yara a 1991, ta hana azabtarwa a 2001, ta ma'aikata baƙin haure da ta ɓatar da mutane a 2009, ta masu buƙata ta musamman a 2010. Kowace tana da kwamitin ƙwararru da ke zama a Jeniba. Sai dai shiga yarjejeniya daban, ba wa ɗan ƙasa damar kai ƙorafi daban. Wannan dama tana buƙatar ƙarin amincewa, kuma Najeriya ba ta ba da ita ga kwamitin haƙƙoƙin farar hula da siyasa ba, ba ta ba da ita ga kwamitin hana azabtarwa ba. Ke nan ƙofofi biyun da suka fi dacewa da yaron nan a rufe suke. Na mata a buɗe yake tun 2004, na masu buƙata ta musamman tun 2010, amma da sharaɗin an bi matakan kotunan gida an ƙure su.

A cikin gida ma akwai shinge. Sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Yarjejeniyar yara ta samu haka a 2003, amma da yake lamarin yara na jihohi ne, sai da kowace jiha ta yi tata, kuma Gombe da Bauchi suna cikin na baya-bayan da suka yi. Wadda ta tsallake shingen da wuri ita ce Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, da aka amince da ita a Nairobi a 1981. Najeriya ta mayar da ita doka a 1983, kuma a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa kotunanmu za su yi aiki da ita, ko da yake kundin tsarin mulki yana samanta. Shi ya sa gogaggen lauya ba ya shigar da irin wannan ƙara ba tare da ya haɗa da sashe na 5 da na 6 na yarjejeniyar Afirka ba, mutunci da 'yancin walwala.

Ita yarjejeniyar tana da masu tsaro biyu. Akwai hukuma mai kwamishinoni 11 a Banjul ta ƙasar Gambiya, wadda ke karɓar ƙorafi daga kowa idan ya cika sharuɗɗa bakwai na sashe na 56. Waɗanda suka fi kayar da mutane uku ne: zagin gwamnati a cikin takarda, dogaro da labaran jarida kaɗai, da tsallake kotunan gida ba tare da nuna cewa ba su da amfani ko sun ja lokaci fiye da kima ba. Hukumar ce ta samu Najeriya da laifi a kan al'ummar Ogoni a 2001, amma abin da take fitarwa shawara ce, kuma shekara biyar ƙarar ta yi a hannunta. Sai kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya. Najeriya ta amince da kafa ta, amma ba ta yi sanarwar sashe na 34(6) na yarjejeniyar kafa kotun da ke ba ɗaiɗaikun mutane damar zuwa kai tsaye ba. Kotun manyan laifuka da ke Heg a ƙasar Holan kuwa, wadda jama'a suka fi jin sunanta a rediyo, ba wurin kai ƙarar caji ofis ba ce. Kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, cin zarafin bil Adama mai faɗi da afka wa wata ƙasa da yaƙi su ne huruminta. Ɗalibai kan rikita ta da ɗaya kotun ta Heg, wadda ƙasashe kaɗai ke zuwa gabanta, ita ce ta yanke shari'ar Bakasi a 2002.

Ƙofar da ta fi kowace buɗewa ga ɗan Najeriya tana Abuja, kuma a ganina ita ce ya kamata a fi koyarwa a jami'o'inmu na arewa. Tun 2005 kotun ECOWAS take sauraron ƙarar tauye haƙƙi daga mutum ɗaya, ba tare da sharaɗin ya ƙure kotunan gida ba. Abin da ake nema shi ne kada ƙarar ta zo ba suna, kuma kada tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Ƙasa ake ƙara, wato Tarayyar Najeriya, ba gwamna ko ɗan sanda ba, kuma kotun ba ta zama wurin ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kotunan gida. Na ba Alhaji labarin Hadijatou Mani ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka sayar tana shekara 12. Kotun ta tashi takanas ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. A 2010 ta ce ilimi haƙƙi ne da ɗan Najeriya zai iya nema a gabanta, alhali kundinmu ya ajiye shi a Babi na Biyu inda kotu ba ta taɓawa. A 2022 ta ce rufe Twitter ya saɓa doka. Rauninta shi ne zartarwa, domin hukunci da yawa suna nan ba a aiwatar ba. Abin baƙin ciki kuma, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka sun rasa wannan mafaka.

Alhaji ya yi shiru har muka fara gangarowa ta Tumfure, garin Gombe ya bayyana a cikin kwarinsa. Sannan ya ce zai kira yayansa ya taho da yaron.

Kafin isowarsu muka je ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da reshe a kowace jiha. An kafa ta a 1995, zamanin mulkin soja. Ma'aunin irin waɗannan hukumomi a duniya shi ne ƙa'idojin Paris na 1993, waɗanda jigonsu cin gashin kai ne. Da aka cire babban sakatarenta Bukhari Bello a 2006, an rage mata daraja a idon duniya, sai da aka gyara dokarta a 2010 ta dawo babban matakinta. Gyaran ya ba ta ikon shiga sel da gidan gyaran hali, da sammacin mutum, da yanke diyya wadda idan an yi mata rajista take da ƙarfin hukuncin babbar kotu. Kai ƙorafi kyauta ne, ba sai da lauya ba, kuma wanda bai iya rubutu ba yana faɗa da baki a rubuta masa. Maganar da ke gaban kotu ce ba ta shiga, don haka tun farko mutum zai zaɓi hanya. Ga wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976.

Da la'asar uban ya iso da yaron masaukinmu. Yaron yana ɗingishi, ba ya ɗaga kai. Wata ɗaliba ta durƙusa ta gaida tsohon.

"Baba, sannu da hanya. Kafin mu rubuta komai, ka yarda? Shi ma ya yarda?"

"'Yata, ni dai tsorona kada a dawo a sake ɗaukarsa."

Na ji daɗin yadda ta fara, domin wannan ne matakin da masu zumuɗi suke tsallakewa. Mai ƙorafi shi zai koma ƙauye ya kwana kusa da waɗanda ya kai ƙara, lauya kuwa yana birni. Dole a faɗa masa gaskiyar haɗarin, da tsawon lokacin da abin zai iya ɗauka, da cewa nasara ba tabbas ba ce, sannan a bar shi ya zaɓa. A cikin abin da za a roƙi kotu kuma a sa umarnin hana sake kamawa a kan wannan magana.

Da suka amince, aka shiga tattara shaida, wadda ita ce rabin aikin. Tabon duka yana dusashewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, don haka ba a jira. Ƙa'idar Istanbul ta 1999, wadda duniya ke bi wajen rubuta shaidar azabtarwa, ita muka bi gwargwadon hali. Kowane rauni hoto biyu, ɗaya daga nesa da ke nuna fuska da gaɓar, ɗaya daga kusa da rula a gefe don a ga girmansa, a hasken rana, ba a gyara hoton ba, ba a goge asalinsa daga waya ba. Hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanan ranar ɗauka, shi ya sa ake adana na asali. Rahoton likita ya faɗi wurin rauni, da tsawonsa da faɗinsa, da launinsa, da ko ya yi daidai da abin da majinyaci ya ce an yi masa. Takardar da ta ce "an duba shi an ba shi magani" ba ta tsinana komai a kotu. Dukan tafin ƙafa sau da yawa ba ya barin tabo a fili, sai kumburi da zafi wajen takawa, saboda haka a roƙi likita ya rubuta yadda yaron yake tafiya. Labarin kuma daga bakin yaron aka ɗauka, shi kaɗai, da kalmominsa, ba tare da an ɗora masa amsa a baki ba. Da ya kasa tuna kwanan wata, aka bi ta ranar kasuwar ƙauyensu da Juma'ar da ta same shi a sel har lissafi ya fito. Kuɗin beli ba a ba da rasit, amma akwai wanda ya sayi tumakin, akwai mai POS da aka cire kuɗin a wurinsa, akwai maƙwabcin da ya raka uban.

Bayan isha'i muka koma kan Jeniba, domin rufewar waɗancan kwamitoci ba ta nufin babu abin yi a can. Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, mai ƙasashe 47, wadda aka kafa a 2006, tana da wakilai na musamman masu zaman kansu da kowa zai iya rubuta wa, ko ƙasarsa ta shiga yarjejeniya ko ba ta shiga ba. Akwai na azabtarwa, akwai na kisan gilla, wadda ta riƙe muƙamin a 2019, Agnès Callamard, ta zo Najeriya da kanta. Akwai rukunin ƙwararru biyar kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, da ke ba gwamnati kwana 60 ta amsa sannan ya fitar da ra'ayinsa. Ba hukunci ba ne, matsin lamba ne, amma wasiƙa daga Jeniba takan sa a buɗe fayil ɗin da aka manta. Sai bitar da ake yi wa kowace ƙasa duk bayan shekara huɗu da rabi. An yi wa Najeriya a 2009 da 2013 da 2018 da Janairun 2024. Zaman awa uku da rabi ne, a kan takardu uku: rahoton gwamnati, bayanan Majalisar Ɗinkin Duniya, da taƙaitaccen abin da ƙungiyoyi suka aika. Ƙaramar ƙungiya a Kumo ko Azare tana da ikon aika nata, kalmomi 2,815 idan ita kaɗai ce, 5,630 idan haɗin gwiwa ne. Labarin yaro ɗaya ba zai girgiza wannan zama ba, amma shari'u hamsin na kama wani a madadin wani, kowace da ranarta da hujjarta, za su shiga rahoto. Kuma akwai buƙata, tunda a 2019 da 2021 kwamitoci biyu sun duba Najeriya ba tare da ta kawo rahotonta ba.

Wani ɗalibi ya kawo maganar da ba ta taɓa rasa fitowa a ajinmu, cewa mutanen unguwarsu suna kallon abin nan a matsayin kayan Turawa. Ba na son a amsa wannan da ɓoye-ɓoye. Akwai wuraren da fahimtar kwamitocin Jeniba ta saɓa da abin da malamanmu suka tafi a kai, kamar gado da wasu hukunce-hukuncen haddi, kuma ɗalibi na gaskiya zai karanci ɓangarorin biyu daga tushensu. Amma abin da ya samu yaron nan ba ya cikin wuraren saɓani. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, wanda shi ne sashe na 36 na dokar 'yan sanda. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a Makka, inda aka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ya kuma yabe shi bayan aike. Hudubar ban kwana ta haramta jini da dukiya da mutunci. Daulolin Musulunci sun san kotun mazalim, inda talaka ke ƙarar mai mulki. Wanda zai yi aikin nan a Bolari ko Jekadafari, ko a gaban hakimi, da wannan harshe zai fara magana, sannan ya kawo lambar sashe.

Da safe, kafin mu juya Bauchi, ɗalibai biyu suka raka yaron asibitin gwamnati aka yi rahoton. Uban ya zaɓi a fara da hukumar ƙasa, in ba a ga motsi ba a tafi babbar kotu, domin ba ya son ya tsaya gaban alƙali tun yanzu. Aka rubuta masa a takarda, da boko da ajami, abin da zai zo da shi ranar Litinin: rahoton likita da kwafi biyu, wayar da aka ɗauki hotuna da ita, rigar da yaron ya kwana tara a ciki ba tare da an wanke ta ba, sunan wanda ya sayi tumakin, da maƙwabcin da ya ga an miƙa kuɗin. Ya ninke takardar ya sa a aljihun 'yar-ciki, Alhaji ya kai su tashar Dukku suka hau motar gida.